Tsatsar Shekara Tara

Shekara tara taraktar Baba ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ba ta motsa ba. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, awaki sun mayar da inuwarta wurin tuƙa, 'ya'yanmu kuwa sun tashi sun same ta abin wasa, su hau su riƙe sitiyari suna kukan inji da baki. Jan fentinta ya koɗe ya koma launin ƙasa. Duk ɗan gwangwan da ya ratso ƙauyenmu na ƙasar Ajingi sai ya ja ya tsaya, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya tambayi masu ita.

Masu ita mu ne, mu biyar, 'ya'yan mutum ɗaya da mace ɗaya. Babbanmu yana gida yana riƙe da gandu. Mai bi masa yana sayar da hatsi, yana bin kasuwanni. Na tsakiya malamin firamare ne a Gaya. 'Yar'uwarmu tana aure a Wudil. Autanmu ya gama sakandare yana zaune, bai san inda zai sa gaba ba. Da Baba ya rasu an raba abin da ya rabu, amma muka bar gandu da tarakta a haɗe, saboda Inna tana raye, kuma babu wanda ya so ya zama shi ne ya fara cewa a yanka gonar.

A bazarar bara maganar ta fito fili. Wani ɗan gwangwan ya yi tayin da bai taɓa yi ba, mai bi wa babbanmu ya ce a sallama. Kowa a cikinmu ya san abin da ke bayan wannan magana. Gandun ya fi ƙarfin shanun huɗa biyu, hayar tan-tan kuwa sai ka bi layi, ranar da ta iso gonarka lema ta riga ta tsere daga rairayin ƙasarmu. In taraktar ta tafi, babu sauran hujjar barin gonar a dunƙule. Aka yi ta ja, har murya ta fara tashi. Inna tana daga ƙofar ɗaki tana jin mu. Ba ta kama sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Ku ba yayanku mako uku. In ta tashi kafin ruwan shuka, a bar ta. In ba ta tashi ba, ku sayar, ni ba ni da ta cewa." Muka amince, kowa ya kawo abin da zai iya, muka ƙulle kuɗin a hannunta.

Taraktar Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka ƙera a garin Coventry na Ingila daga 1964 zuwa 1975, da injin Perkins mai silinda uku mai shan man gas. Ta girmi kowa a cikinmu. Ta shigo ƙasar nan kafin a fara haɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, ta ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, ta ga na Shagari a 1980. Baba ya saye ta hannu na uku a zamanin Babangida, da kuɗin gyaɗa da na bijimai biyu. Da ita ya yi mana aure, da ita ya biya kuɗin makaranta, da tirelarta aka kai gawarwakin rabin tsofaffin ƙauyenmu maƙabarta in damina ta ɓata hanya.

Ciwonta biyu ne ya kwantar da ita. In aka murza makulli sai sitata ta yi ta gurzar banza, injin bai juya ba, sai an tara samari an tura. Sannan baƙin mai yana yoyo daga bayan injin yana jiƙa kuloci, har ta daina jan garma. Baba ya ce zai gyara bayan kaka. Kafin kaka shi ma ya kwanta. Abu ɗaya ya yi da ya cece ta: ya sa Auta, yana ɗan yaro a lokacin, ya riƙa ɗora sifana yana juya injin sau ɗaya kowane wata don kada fistan ya kafe. Baba ya rasu, Auta bai daina ba, kuma babu wanda ya lura a cikinmu.

Muka ɗauko wani matashin bakanike da ke gyaran motoci a bakin titi. Ba mu zarge shi ba har yau, don mu ne muka tsaya a kansa muna ƙirga masa kwanaki. Irin wannan tarakta ba ta da wani firam da ke ɗauke da ita, injin da akwatin giya su ne ƙashin bayanta, an ɗaure su da notuna. Duk mai son ya kai ga abin da ke tsakaninsu sai ya raba ta gida biyu. Muka shimfiɗa katako a ƙasa, muka tokare gaba da jak, muka kwance notunan, muka tura bayan baya. Ganinta a rabe kamar an yanka sa ya sa Inna ta koma cikin gida.

Farantin kuloci ya manne da tsatsa, amma da ɗan lallami ya fito. A bayansa ga filawil. Wanda bai taɓa gani ba, ya ƙaddara wani faifai na baƙin ƙarfe, faɗinsa kamar na babban tire, kaurinsa ya kai yatsu uku, nauyinsa kuwa mutum ɗaya ba ya ɗaga shi yana murmushi. A gefensa akwai zobe mai haƙora, shi sitata take cafka ta juya injin. A tsakiyarsa notuna shida sun ɗaure shi da ƙarshen karanshaf, sandar da fistan suke juyawa. Haƙoran da suka cinye suna jikinsa, abin da ke tare baƙin mai kuma yana bayansa. Ba a isa ga ko ɗaya ba sai an cire shi.

Notuna shidan suka fita ba gardama. Muka ce alhamdu lillahi, aiki ya ƙare. Bakanike ya kama filawil ya ja, ko gezau. Mu biyu muka kama masa, kamar muna jan kuka. Ya ɗauko guduma ya dinga bugun gefe ɗaya. Babbanmu ya karɓa ya buga da ƙarfin manomi. Da la'asar ta yi aka kawo doguwar sandar ƙarfe, aka cusa ta ta ramin sitata, aka tokara a bayan filawil, mu uku muka danna. Sai muka ji ƙara, muka yi murna. Ashe ba filawil ne ya saki ba, farantin bayan injin ne ya tsage, sandar ta kuɓce ta matse hannun babbanmu da jikin ƙarfe. Farcen babban yatsansa ya fita a wurin.

Daren nan ba a ci tuwo tare ba. Mai bi wa babba ya ce an ƙara ɓarna a kan ɓarna, ko ɗan gwangwan ma yanzu sai ya rage kuɗi. Babbanmu, hannu a naɗe, ya ce wasu dama addu'ar haka suke yi. Malaminmu ya yi ƙoƙarin shiga tsakani, aka ce ya bari, ba aji ba ne. Kwana biyar sun tafi a cikin ashirin da ɗaya.

Da asuba Inna ta aika Auta ya tattaro mu. Ta ce, "Akwai wanda yake taɓa wa babanku motar nan tun kuna goye. Yana Gaya, in yana raye. Ban ji wanda ya je ya gaishe shi ba tun ranar sadakar bakwai." Kunya ta rufe mu. Mun san mutumin sarai, mun dai ɗauka zamaninsa ya wuce.

Ɗan Gaya ba ya rasa abin faɗa in ana maganar ƙarfe. Tarihin da aka gada yana cewa Abagayawa, waɗanda suke cikin mutanen farko da suka zauna gindin Dala, daga Gaya suka tashi, kuma kakansu maƙeri ne mai suna Kano da ya zo neman tama. Mun sha jin wannan a makaranta, mun sha yin alfahari da shi a gaban mutanen birni. Amma da ƙarfe ya gagare mu a ƙofar gida, guduma muka nema, ba mu nemi masu sanin halinsa ba.

Muka same shi a zaure a kan buzu, idonsa ɗaya ya yi yana. Ya yi aiki a sashen hayar tarakta na gwamnati tun yana saurayi, ya yi ritaya, hannunsa ya fara rawa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi Inna, ya yi wa Baba addu'a. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Da kuka buga, ta ina kuka buga?"

"Ta gefen sitata, Baba."

"Gefe ɗaya?"

"Gefe ɗaya."

"Notunan fa, duk kun cire?"

"Duk shida."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, ku gode wa Allah da bai fita ba. Da ya fita, yau ƙafar wani muke jinya, ba farce ba."

Muka ɗauko shi a bayan babur, a hankali, har gida. Bai taɓa sifana ba sai da ya zagaya taraktar sau biyu. Ya sa Auta ya kwanta ya duba ƙarƙashin kaskon da kuloci yake ciki. Akwai wani ɗan rami a wurin, da ɗan fil a rataye a cikinsa, aikinsa ya riƙa kaɗawa don kada ramin ya toshe, ruwa ko mai da ya shiga ya samu hanyar fita. Zanzaro ya yi gini a kai ya liƙe shi. Damina tara danshi yana shiga ba ya fita. Tsohon ya ce, "Ga wanda ya ɗaure muku filawil, ƙwaro ne da bai kai ɗan yatsa ba."

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani kamar yara. Bayan filawil akwai gurbi, ƙarshen karanshaf yana shiga ciki cif-cif, ko gashi ba ya ratsawa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka in ta tsiro a irin wannan matsi sai ta cika shi ta ɗaure. In ka buga gefe ɗaya, faifan yana karkacewa, ya ƙara cije wa sandar, kamar murfin tukunyar da aka danna a karkace. Bugun kuma ba a nan yake tsayawa ba, yana bin karanshaf ya shiga cikin injin ya cinye 'yan ƙarafan da ke hana shi wasa gaba da baya. Wato duk ƙarfin da muka zuba a yinin nan, ƙara ɗaure shi muka yi.

Yana shafa gefen filawil da yatsa sai ya tsaya. Ya ce a kawo tsumma da kananzir. Da aka goge, ga ɗigo uku da aka buga da kan ƙusa. Ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka fito. "Hannuna ne wannan. Ni da babanku, shekarar da aka haifi wancan," ya nuna malaminmu. Ya ce inji mai silinda uku in aka kashe shi, a ɗaya daga wurare uku yake tsayawa, don haka haƙoran wurare ukun nan ne sitata take fara cafka kullum, su ne suke cinyewa. A wancan karon ba kuɗin sabon zobe, sai suka gasa tsohon suka juya shi kaɗan, lafiyayyun haƙora suka koma inda ake cafka. Dabarar ta ba Baba shekaru masu yawa. "Amma sau ɗaya ake yin ta," in ji shi. "Yanzu sai sabo."

Abin da ya fara yi shi ne mayar da notuna biyu, ɗaya yana kallon ɗaya, ya bar su sako-sako, yadda in faifan ya saki zai tsaya a kansu. Ya kankare tsatsar da ido yake gani. Ya haɗa kananzir da man birki a gwangwani, ya sa Auta ya ɗiga a ramukan notunan da kewayen gurbin. Ya yanko guntun icen kanya ya ce da shi za a riƙa ƙwanƙwasawa, ba da guduma kai tsaye ba: a ɗora icen, a buga sau uku marasa ƙarfi, a juya injin kaɗan, a sake, har a zagayo. Safe da yamma. Kwana uku.

"Kwana uku, Baba? Ruwa fa ya kusa."

"Shekara tara tana shiga, kuna so ta fita kafin la'asar?"

Kwana ukun nan sun fi kowane aiki wuya. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ta wajen Jigawa, iska ta taso da ƙura, ya watse. Maƙwabta sun gama sharar gona sun kai taki. Wanda ya wuce sai ya ce, "Sannunku da jinya," mu amsa da yaƙe. Ba abin yi sai zama a gindin darbejiya ana kallon Auta yana ɗiga mai yana ƙwanƙwasa ice. Rabonmu da mu zauna wuri ɗaya haka tun zaman makoki.

A zaman ne malaminmu ya tambayi tsohon amfanin wannan uban nauyi a cikin inji. Tsohon ya ce fistan tafiya huɗu yake yi: ya shaƙi iska, ya matse ta, mai ya kama wuta ya tunkuɗo shi, sannan ya fitar da hayaƙi. A cikin huɗun, ɗaya ce kawai take ba da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. Malaminmu ya zana a ƙasa ya lissafa mana: a inji mai silinda uku, wuta tana kamawa duk bayan digiri 240 na juyi, tunkuɗar kuwa ba ta wuce digiri 180, saura 60 babu mai turawa ko ɗaya. Tsohon ya ce shi bai san digiri ba, abin da ya sani shi ne filawil yana karɓar ƙarfi lokacin da ake da shi, ya riƙe, ya mayar lokacin da babu. "Rumbu ne," in ji shi. "In babu shi, inji bugu ɗaya zai yi ya tsaya."

Daren kwana na biyu, bayan tsohon ya shiga ya kwanta, mai bi wa babba ya yi maganar da ya shekara yana haɗiyewa. Ya sayi hatsi da kuɗin mutane ya ajiye yana jiran tsada, farashi ya faɗo, masu kuɗi suna zuwa masa har gida. Ba ƙin gandu yake yi ba, rabonsa yake so ya biya bashi kafin a kai shi gaban alƙali. Ya ji nauyin faɗa wa yayansa, yayan kuma ya ɗauka raini ne. Babbanmu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Shi ne ba za ka faɗa min ba, sai ka bari muna haushin juna a gaban Inna?" Aka buga wa 'yar'uwarmu waya a daren, ta ce a sayar da tumakinta biyu da suke gidanmu. Malaminmu ya ce zai karɓi adashinsa a wannan watan. Babbanmu ya ce in taraktar ta tashi, kuɗin hayar farko na bashin ne. Ba mu warware komai duka ba, amma washegari an ci tuwo a kwano ɗaya.

A rana ta uku tsohon ya aike mu Gaya wurin wani maƙeri abokinsa, da awo a jikin karan dawa da guntun sifirin babbar mota. Muka yi sallama muka ce, "Sannu da wuta, Baba." Ya karɓi karan ya duba, bai tambayi ko na mene ne ba, ya ce, "Shi ya aiko ku ko? Har yanzu bai daina ba?" Ƙarfen sifirin yana da taurin da ba ya huduwa a sanyi. Ya sa shi a gawayi, yaronsa yana zuga, sai da ya yi ja, ya ɗauko da awartaki ya huda shi wuri uku, biyu a gefe, ɗaya a tsakiya, ya bar shi ya huce a cikin toka. Mai walda ya liƙa babban noti a ramin tsakiya. Abin jan da ba mu da kuɗin saya ke nan, an ƙera shi kafin azahar.

Da yamma, iska ta kwanta, tsohon ya gicciya ƙarfen a fuskar filawil, ya ɗaure gefe biyun a ramukan da kuloci yake ɗauruwa. Ya sa ɗan faifan ƙarfe a kan karanshaf don kada a ji masa ciwo, ya murza dogon noti na tsakiya har ya tokare shi. Bai matse da ƙarfi ba, ya ce ramukan gefen ƙanana ne, in aka zalunce su za su tsige. Ya sa aka goge duk wani mai da ke wurin, aka janye tiyon man gas, aka ajiye bokitin yashi kusa. Mai walda ya kunna wutarsa, tsohon ya riƙe masa gwiwar hannu yana zagayawa da ita a kewayen gurbin, ba ya barin ta ta tsaya wuri ɗaya, ba ya barin ta ta taɓa sandar tsakiya. So yake faifan ya buɗe kaɗan da zafi, sandar ta zauna a sanyinta. Lokaci-lokaci yana tofa yawu ya saurari yadda yake tsalle.

Ya ce a janye wuta. Ya ƙara wa notin tsakiya kwatan juyi. Ya miƙa wa Auta icen kanya da guduma ya ce, "Kai ka yi jinyarsa, kai za ka sallame shi. Sama, ƙasa, dama, hagu." A bugu na bakwai ko na takwas muka ji wani ɗan sauti, ƙas, bai kai karyewar tsinke ba. Jar ƙura ta zubo daga bayan faifan. Tsohon ya murza notin da yatsu biyu, filawil ya taho a hankali ya zauna a kan notuna biyun nan da aka bar masa. Babu wanda ya yi shewa. Babbanmu ya juya baya yana goge ido da hannun da ba a naɗe ba.

Saura kaya. Mu biyu muka bi ta Wudil muka shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Mun tafi da fargabar a ce mana an daina yin kayan motar da ta haura shekara 50, tunda masana'antar Coventry ɗin ma ta daina ƙera tarakta tun ƙarshen 2002. Ashe jinin injin bai ƙare ba. Ana ci gaba da haɗa 'yan'uwanta a Pakistan da Indiya, kuma kayan da yawa suna shiga juna. Muka samo sabon zobe, da abin tare mai, da farantin kuloci. Farantin bayan injin da muka fasa da hannunmu kuwa sai na gwanjo muka samu, kuma shi ya fi komai tsada a cikin abin da muka saya. Kuɗin gaggawarmu ke nan.

Sa sabon zobe aikin maƙeri ne, don haka muka kai masa filawil a amalanke. Ya sa kurfi tsakanin haƙora biyu na tsohon, ya sara, ya buɗe ya faɗo. Sabon a sanyi ba ya shiga, an yi shi ya ɗan gaza da gangan. Ya goge gefensa har ya yi haske, ya ɗora shi a kan garwashi yana juya shi da awartaki. Littafin masu injin yana maganar zafi wajen digiri 250, shi kuwa launi yake kallo. Ya ce in ya yi ja an kashe haƙoran, za su yi laushi kamar dalma. Da wurin da ya goge ya koma ruwan karan gero, ya ɗauko shi, ya duba ɓangaren da bakin haƙoran yake a fiƙe don ya fuskanci sitata, ya sake shi a kan filawil. Ya zauna da kansa. Buɗewar da zafin ya yi masa ba ta kai milimita 1 ba, amma da ya huce, ko giwa ba ta cire shi.

Ba mu cika wa'adin Inna ba. Ruwan shuka ya sauka a daren kwana na goma sha tara, taraktar tana rabe. Da safe muka fita da sungumi muka shuka geron da za mu iya, kamar kowa. Babu wanda ya ta da maganar ɗan gwangwan, har wanda ya kawo ta. Sai a kwana na ashirin da shida aka haɗa ta, aka wanke tanki, aka sa sabon mai da batirin aro, aka fitar da iska daga bututun mai. Tsohon ya ce Auta ya hau. Ya murza makulli, sitata ta cafka ba gurza, injin ya yi tari uku, ya tofar da baƙin hayaƙi da gidan zanzaro, sannan ya kama wannan bugun nasa da duk ƙauyen ya sani. Inna ba ta fito ba. 'Yar'uwarmu ce ta shiga ta same ta zaune a bakin gado tana jan carbi.

Mun rasa huɗar farko, geron bara bai yi yadda muke so ba. Amma ta yi mana huɗar gyaɗa da wake, ta yi haya a gonakin maƙwabta har ƙarshen damina, da kaka ta yi jigilar amfanin gona. An biya kashi biyu cikin uku na bashin. Gandu yana nan a haɗe bana. Ba mu yi wa juna alkawarin har abada ba, don kowa yana da 'ya'ya, kuma gona ba ta ƙaruwa.

Da muka kai wa tsohon kuɗin aikinsa, ya ɗauki kaɗan ya turo sauran. Ya ce abin da yake so daban ne. Akwatin sifanunsa yana ƙarƙashin gado shekara da shekaru, 'ya'yansa duk sun tafi birni, babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake buɗe shi. "Yaron nan da ya shekara tara yana juya injin da ba ya tashi, ku ba ni shi." Yanzu Auta yana kwana uku a Gaya kowane mako. Tsohon yana zaune a kan buzu yana faɗa, shi yana kwancewa. An fara kawo musu injinan niƙa da na ban ruwa daga ƙauyuka.

Kafin a mayar da filawil, tsohon ya sa Auta ya buga nasa ɗigon a gefen ukun nan na da. Yana can a cikin duhun kasko yana juyawa, ba mai ganinsa sai wanda zai sake raba taraktar nan gaba. Mu kuma abin da ya rage mana ɗan kaɗan ne. Duk ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, ɗaya daga cikinmu yakan durƙusa ya sa tsinke a ɗan ramin nan na ƙasa, ya tabbata zanzaro bai dawo ba.